SUNA LINZAMI NE: MU KULA DA SUNAYEN DA MUKE SAWA CIKIN MISALAI

   

Maganar da muka kawo a wannan fitowa ƙarama ce a ido, har wani zai ce ba ta isa ta cinye shafi ba. Amma da yake mun ga abin da ta jawo a tsakaninmu, mun ga ya wajaba mu ja hankalin duk mai riƙe da alƙalami a cikin ikkilisiya: magatakarda, ma'aji, malamin yaƙi da jahilci, da matasanmu masu buga mana takardu a kwamfuta. Maganar ita ce sunayen da muke sawa cikin misalai idan muna rubuta takardun koyarwa.

ABIN DA YA FARU

Bayan kaka, mun shirya taron bita na yini ɗaya a wata majami'armu da ke arewacin Kano, domin koya wa membobin ƙungiyar gama kai yadda ake riƙe littafin kuɗi. Wani ɗanmu mai himma, wanda ya yi karatu a birni, shi ya shirya takardar da aka raba. Aikin ya yi kyau ƙwarai. Ya ja layuka, ya nuna inda ake rubuta kuɗin shiga, inda ake rubuta kuɗin fita, da inda ake rubuta bashi. Da ya zo kan bashin da ba a biya ba, sai ya kawo misali da wani mutum da ya karɓi buhun taki biyu da damina, kaka ta yi bai biya ba. Ya ba mutumin suna, ya ba shi sunan uba, ya kuma sa masa sunan wata unguwa da ya taɓa ji a bakin mutane.

Ashe a wannan unguwa akwai dattijo mai wannan suna da wannan sunan uba, kuma yana zaune a benci na biyu. Mutumin nan ba a binsa ko sisi. Da aka karanta misalin da ƙarfi, sai ɗakin ya yi tsit, yara a baya suka fara ƙus-ƙus. Dattijon ya ɗauki sandarsa ya fita. An bi shi an ba shi haƙuri, ya ce ya haƙura. Amma takardar ta riga ta shiga aljihuna, ta tafi gidaje, har ta kai hannun maƙwabta waɗanda ba su halarci taron ba. Su kuwa cewa suka yi ruwa ba ya tsami banza. Sai da dattawa suka yi sawu gidansa sau da yawa kafin ya koma zama a bencinsa.

A taron nan kuma an raba samfurin fom da aka riga aka cike, domin mutane su duba su cike nasu. Ɗan namu ya sa lambar wayarsa ta gaskiya a samfurin. Da aka tattara fom, sai ga iyayenmu mata da dama sun kwafe lambar nan a gurbin tasu, wasu ma har da ranar haihuwar da ke cikin samfurin. Ba su yi laifi ba. An ce musu su yi yadda suka gani, suka kuwa yi.

DALILIN DA YA SA ABIN YA FI SHAFARMU

Mu da ke zaune a ƙasar Bichi, Tsanyawa, Bagwai, Shanono, Dawakin Tofa, Makoɗa da Ɗambatta mun san yadda zamanmu yake. Gona na manne da gona, gida na hangen gida. Tun a shekarun 1960 masana irin su Michael Mortimore suka yi rubutu a kan karkarar da ke kewaye da Kano saboda cunkoson jama'arta da yadda ake noma kusan kowane taƙi na ƙasa kowace shekara. A irin wannan wuri babu baƙon suna. Ka ambaci suna da unguwa, za a nuna maka ƙofar gidan. Balle a ikkilisiyoyinmu, inda sau da yawa majami'a ɗaya gidaje kaɗan ne, kuma kusan kowa dangin kowa ne. Mutunci shi ne jarin talaka. Da shi ake ba shi rance kafin kaka, da shi ake ba ɗansa mata, da shi ake ba shi aron gona. Karin Magana 22:1 ya fifita suna mai kyau a kan dukiya mai yawa, mu kuwa a karkara mun ga gaskiyar wannan da idonmu.

Abu na biyu, zamani ya mai da mu masu cike fom ko muna so ko ba ma so. A shekarar 2012 Gwamnatin Tarayya ta fara rabon taki mai rahusa ta hanyar saƙon waya, aka yi ta rajistar manoma. A 2014 Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN. A watan Disamba na 2020 aka ba da umarnin haɗa layin waya da lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa, kuma tun daga 2021 ɗalibi ba ya yin rajistar jarrabawar JAMB sai da wannan lamba. Idan suna ko ranar haihuwa suka saɓa tsakanin takarda da takarda, mun san wahalar da ke biyo baya: rantsuwa a kotu, kuɗin mota zuwa birni, layi tun asuba, wani lokaci ma yaro ya rasa shekarar karatu. Kuskuren da ya fara daga samfurin da muka raba a majami'a yana iya bin mutum shekaru.

BA MU KAƊAI ABIN YA TAƁA SAMU BA

Kada mu ɗauka rashin boko ne ya jawo. A shekarar 1938, wani kamfanin yin jakar kuɗi ta aljihu a garin Lockport na jihar New York a Amurka ya so ya nuna wa masu saye cewa katin tsaron rayuwa na gwamnati zai shiga jakar daidai. Sai ya sa samfurin kati a cikin kowace jaka, amma da lambar gaskiya ta wata sakatariyar kamfanin. An yi katin ƙarami, an buga shi da jan tawada, an kuma rubuta a kansa cewa samfuri ne. Duk da haka mutane suka ɗauki lambar a matsayin tasu. A shekarar 1943 kaɗai mutum 5,755 ne ke aiki da ita, jimillar waɗanda suka taɓa amfani da ita kuwa ta wuce 40,000, kuma har 1977 ana samun masu riƙe da ita. Dole hukuma ta soke lambar ta ba matar wata. In haka ta faru a can, ina laifin iyayenmu mata?

Irin wannan ne ya sa waɗanda suka daɗe a harkar takardu suka keɓe sunayen misali da kowa ya sani. Lauyoyin Ingila sun yi ɗaruruwan shekaru suna aiki da John Doe da Richard Roe, mutanen da babu su. A Jamus, samfurin katin shaida yana ɗauke da sunan Erika Mustermann, kuma kalmar da ke farkon sunan na biyu ma'anarta samfuri. Kamfanin Microsoft yana da kamfanonin ƙage irin su Contoso da Fabrikam da yake sawa cikin littattafansa na koyarwa, don kada ya taɓa sunan kamfanin wani. A 1999 masu tsara intanet suka keɓe wasu adireshi domin misali kawai, aka hana sayar da su ga kowa. A Amurka an ware lambobin waya ɗari, daga 555-0100 zuwa 555-0199, domin fina-finai da littattafai. Masanan ɓoye saƙo kuwa tun 1978 suke kiran mai aika saƙo Alice, mai karɓa kuma Bob, saboda sunayen sun fara da A da B.

Ko a nan gida ba baƙon abu ba ne. Maƙwabtanmu da suka yi karatun nahawun Larabci a zaure sun san Zaidu da Amru, waɗanda aka daɗe ana kafa misali da su. Waɗanda suka yi firamare a cikinmu za su tuna da Ali da Simbi, da Edet na Kalaba. Harshenmu kansa ya tanadar mana wane da wance, da su wane, da gari kaza, da abu kaza. Kakanninmu sun san akwai maganar da ba a kama suna a cikinta.

ABIN DA MUKA KOYA A LITTAFI MAI TSARKI

Mu duba yadda Ubangijinmu ya yi koyarwa. Misalansa cike suke da manomi, da makiyayi, da macen da ta ɓatar da kuɗi, da mutumin da ke da 'ya'ya biyu, amma bai sa musu suna ba. A dukan misalansa mutum ɗaya kaɗai ya ba suna, wato Li'azaru matalauci a Luka sura 16. Mai arzikin da ya yi banza da shi a ƙofar gida ba a faɗi sunansa ba. A Luka sura 10 kuma, aikin jinƙai ya sa shi a hannun Basamariye, mutumin da masu sauraro ba su zaci alheri daga wurinsa ba. Annabi Natan, da ya je wurin Sarki Dawuda a 2 Sama'ila sura 12, labarin mai arziki da matalauci ya ba shi ba tare da suna ba, har sarki ya yanke hukunci da bakinsa. Marubucin littafin Rut, a sura 4, ya ɓoye sunan dangin nan da ya ƙi ɗaukar nauyin fansa. Manzo Bulus kuma, da yake tsawata wa Korantiyawa a kan tsattsaguwa, ya ce ya kafa misalin da kansa da Afolos domin amfaninsu. Wato idan misali yana da ɗaci, mai koyarwa ya fara ɗora shi a kan kansa.

MASU WANI RA'AYI

Mun tattauna wannan da 'yan'uwa, kuma ba duka ne suka yarda da mu ba. Ya kamata mu kawo hujjojinsu.

Wasu sun ce tunda haka ne a daina sa suna gaba ɗaya, a yi ta wane da wance. Wannan yana yi idan mutum ɗaya ne a cikin misali. Amma a gwada koya wa mutum littafin adashi mai mutum huɗu da cewa wance ta zuba, wance ta kwasa, wance ta ranta wa wance. Kafin a kai layi na uku kowa ya ruɗe. Mai koyo yana bukatar suna da zai riƙe a ka. Don haka suna ya zama dole, sai dai a san irin wanda za a zaɓa.

Wasu kuma sun ce, takardun da ke zuwa mana daga waje da wuya ka ga sunan Bulus ko Saratu ko Ishaya ko Rifkatu a cikinsu, saboda haka mu ma a namu takardun kada mu sa kowane suna sai irin namu. Mun fahimci zafin da ke bayan wannan magana. Yaron da ya gama makaranta bai taɓa cin karo da suna irin nasa a littafi ba yakan ji kamar shi baƙo ne a ƙasar kakanninsa, kuma da yawa cikinmu mun sha tambayar nan ta ko mu 'yan ina ne, alhali an binne cibiyarmu a nan. Amma mu tuna cewa takardar koyon lissafin taki ba a majami'a take tsayawa ba. A ƙungiyoyinmu na manoma akwai maƙwabtanmu Musulmi, akwai danginmu da ke bin al'adar gargajiya, rijiya ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci. Idan abin da aka yi mana bai yi mana daɗi ba, ba daidai ba ne mu auna wa wani da wannan mudu. A littafin makarantar Lahadi da rajistar baftisma, sunayen Littafi Mai Tsarki su ne a wurinsu. A takardar da za ta zaga gari kuwa, a gauraya.

Akwai kuma masu fassaro takardu daga Turanci su bar John da Mary da Mista Brown yadda suka same su, wai ai babu mai wannan suna a ƙauye, don haka babu wanda zai ji haushi. Gaskiya ne ba wanda zai fita daga taro. Amma akwai wata hasara. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, muna cewa Yohanna da Maryamu. Duk lokacin da muka cika takardunmu da sunayen Turawa, muna ƙarfafa masu cewa mu da bangaskiyarmu da karatunmu duka kayan aro ne. Tsohuwar da ke koyon karatu kuma sai ta yi tuntuɓe a kan sunan tun kafin ta kai ga darasin.

SHAWARARMU

Allah ya ba Bahaushe taskar sunaye da ba na wani addini ɗaya ba. Akwai na ranaku: Ladi da Ɗanladi, Talatu, Larai da Balarabe, Lami da Ɗanlami, Jummai da Ɗanjuma, Asabe. Akwai na yanayin haihuwa: Tanko wanda ya biyo mata, Kande wadda ta biyo maza, Gambo mai bin tagwaye, Auta, Nomau. Za ka same su a gidan fasto, ka same su a gidan liman, ka same su a gidan Bamaguje. Daga nan ya kamata mu riƙa ɗiba. Ga abin da muke roƙon majalisun dattawa su duba su amince da shi.

Na farko, mu kafa gida ɗaya na ƙage wanda dukanmu za mu sani, mu kira shi Gidan Misali. Mutanensa su ne Asabe Misali, Bala Misali, Cindo Misali da Delu Misali, bi da bi kamar A, B, C, D. Garinsu Garin Misali, a ƙaramar hukuma kaza. Ba wanda sunan ubansa Misali, don haka ba wanda zai ce da shi ake, kuma mai kwafa zai tsaya ya yi tunani. Wannan zai kuma taimaka wajen nuna gurbin sunan mutum da gurbin sunan mahaifi, inda mutanenmu suka fi yin kuskure.

Na biyu, kada a taɓa haɗa suna da sunan uba da sunan unguwa ta gaskiya a cikin misali. Ko marubuci bai san mai sunan ba, unguwar ta san shi.

Na uku, misalin abin kunya, kamar cin bashi, ɓatan kuɗin baiko ko sayar da takin ƙungiya, kada a ba shi suna ko kaɗan, ko da na Gidan Misali ne, gama ba a rasa Bala ko Asabe a cikin taro. A ce wani memba, ko memba mai lamba kaza. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, zai gane kansa ba sai an nuna shi ba. Haka kuma kada a laƙaba wa mai laifin misali sunan wata ƙabila ko wani addini, ko a ce masa Alhaji ko Fasto ko Ardo.

Na huɗu, a riƙa juya matsayi. Kada kullum Bala ne shugaba, Asabe kuwa mai dafa abincin taro. Kowa ya san a ikkilisiyoyinmu zumuntar mata ta fi kowa iya riƙon kuɗi. To, Delu ta zama ma'aji a wannan shafi, Cindo ya zama mai neman rance a wancan. 'Ya'yanmu mata suna karanta waɗannan takardu, suna kuma ganin inda aka ajiye su.

Na biyar, kada lambar gaskiya ta shiga samfuri. Lambar waya, NIN da BVN kowace lamba 11 ce, lambar asusun banki kuma 10. A cike guraben da sifiri zalla, yadda ko an kwafa ma'aikaci zai gane nan take. Kada a ɗauki hoton katin wani, ko takardar asibitinsa, ko shafin rajistar aure na gaskiya a yi koyarwa da shi. Tun watan Yuni na 2023 ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane, amma ko babu doka, amana ta hana.

Na shida, sunan kamfani ko shago ko ƙungiya. Alheri, Nasara, Albarka da Rahama sunaye ne masu daɗi, amma daga kasuwar Dawanau zuwa Ɗambatta ba za ka ƙirga shagunan da ke ɗauke da su ba. Idan muka rubuta cewa shagon Alheri ya sayar da jabun maganin feshi, mun ɓata kasuwar wani bawan Allah. A ce Kamfanin Misali, ko Ƙungiyar Manoman Garin Misali. In dole sai an sa wani suna, hukumar rajistar kamfanoni ta CAC tana da wurin binciken sunaye a intanet, matasanmu su duba kafin a buga.

Na bakwai, a rubuta MISALI da manyan baƙaƙe a gicciye a kan kowane samfuri, mai koyarwa ya faɗa da baki, sa'an nan ya karɓe samfurin kafin a fara cike fom na gaskiya. Labarin Amurka ya nuna mana rubutun kaɗai bai isa ba.

Na ƙarshe, kafin a kai takarda wurin bugawa, a karanta ta a gaban dattijo ɗaya da uwa ɗaya daga zumuntar mata na wurin da za a raba ta. Su suka san wanda ke rigima da wane, da sunan da surukai ba sa faɗa, da gidan da aka yi rashi kwanan nan. Abin da babba ya hango a zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

KIRA GA 'YA'YANMU MA'AIKATA

Muna da 'ya'ya a aikin koyarwa, a aikin jinya, a aikin malaman gona, a bankuna da ƙungiyoyin agaji. Wata rana za a ce wa ɗayanku ya tsara fom ko ya rubuta tambayoyin jarrabawa. Ba sai kun yi gardama da kowa ba. Ku sa Musa da Ladi da Bulus da A'isha su sayi gero a kasuwa ɗaya cikin lissafin aji uku, yadda suke yi kowace ranar kasuwa a garuruwanmu. Yaron da ya karanta wannan zai tashi da sanin cewa dukansu 'yan gari ne.

Ɗan namu da ya shirya takardar nan ya sake buga ta da kuɗin aljihunsa, ya kuma je har gida ya durƙusa ya ba Baba haƙuri. Mun yaba masa, muna kuma roƙon kada abin ya karya masa gwiwa, gama muna bukatar irinsa da yawa. Muna roƙon kowace majalisar dattawa ta sa wannan magana cikin ajandar zamanta na gaba, magatakarda kuma su binciki tsofaffin samfuran da ke cikin akwatunansu, su cire duk wanda ke ɗauke da suna ko lambar wani.

Ubangiji ya ba mu hikima a bakinmu da alƙalaminmu, ya kuma ƙara mana zaman lafiya da maƙwabtanmu. Amin.